Jan Ƙyalle a Jikin Azara

Ni dai tun ina yarinya ba na karɓar abu yadda aka miƙo mini shi. Idan mahauci ya yi mini gyara ban roƙa ba, sai na juya naman na shinshina. Idan baƙuwa ta yi ta yabon labulena, na san akwai abin da ta zo ara. 'Yan uwana suna cewa zargi ya yi mini yawa, ni kuwa na ce ido ne Allah Ya ba ni, ba zan runtse shi don wani ya ji daɗi ba. Mutum ɗaya ne a duniya na cire daga wannan hali nawa, shi ne maigidana. In ya ce ya je wuri kaza, to ya je. Ban taɓa auna maganarsa ba, kuma wannan hutun da nake samu a wurinsa shi ne abin da na fi so a aurenmu, ko da yake ban taɓa gaya masa ba.

Magini ne na ginin ƙasa, sana'ar da ya gada daga mahaifinsa. Ya iya tubali, ya iya yaɓe da makuba, wadda ake yi da ɓawon ɗorawa don kada ruwa ya ci bango, ya iya rufin azara, wato itacen giginya da ake tsagawa a jera a kan bango kafin a zuba ƙasa. Amma a Gyaɗi-Gyaɗi muke zaune, inda kowa bulo da siminti yake nema. Gidan da muke ciki ma na bulo ne, abin da nake tsokanarsa da shi ke nan in ya fara zagin kwano. Aiki ya ja baya ƙwarai. Sai damina ta matso ake kiransa cikin gari ya toshe yoyo ko ya gyara indararo, sauran watanni keken ɗinkina ne ke riƙe da tukunya. Ɗakin da nake ɗinki yana da taga da ke kallon layi, kuma kaɗan ne ke wucewa ta gabanta ban gani ba.

A shekarar da sojoji suka sake komawa barikinsu farar hula suka karɓi mulki, sai gari ya cika da 'yan kwangila. Wanda jiya yake faci a bakin titi, yau ya sa babbar riga yana zancen ma'aikata. Hotunan 'yan takara ba su gama ɓarewa daga bangon gidajenmu ba aka fara rabon ayyuka. A cikin waɗanda rabon ya faɗo wa akwai wani Alhaji na Tarauni, mai sayar da kayan gyaran mota, wanda ya yi wa wani babba wahala lokacin zaɓe. Shi aka ba aikin wani gandun daji da ke kan duwatsu, can ƙarshen kudancin jiha. Za a jera duwatsu a gangare don tare zaizayar ƙasa, a dasa itatuwa inda gobara ta ci, sannan a gyara wani tsohon masauki na ƙasa da ke kan dutsen tun zamanin Turawa. Masu kula da dajin sun gindaya sharaɗi: a mayar da ginin yadda yake, ba siminti ba kwano. Ko ƙasar gini daga wajen iyakar daji za a kawo ta, ba a yarda a haƙa rami ba. Itace kuwa, ko asuwaki ba a yarda a karya ba.

Alhajin bai san yadda ake kwaɓa ƙasa ba, don haka ya yi ta tambaya har aka nuna masa ƙofarmu. Na leƙa shi ta taga ranar da ya zo. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa wa maigidana kamar surukinsa, yana ta Malam kaza, Malam kaza. Nan take na ji bai kwanta mini ba. Mai mota irin wannan ba ya durƙusa wa magini haka kawai.

Da Malam ya shigo, fuskarsa ta canza yadda na daɗe ban gani ba. Ashe mahaifinsa ne ya yi wa masaukin nan rufi, tun kafin a haife ni. Ya ce tsohon ya sha ba su labarin yadda aka hau da azarar a kan jakuna, da yadda yake sara wa kowace ɗaya tsaga uku a baki da gizago don a san hannunsa. Yana magana yana shafa gemu, abinci ya huce a gabansa. Na so in ce masa ya bi a hankali da mutumin nan, sai na ga ba ranar faɗa ba ce. Na dai ce Allah Ya sa alheri.

Akwai wata al'ada ta magina da duk wanda ya tashi a gidan gini ya sani. Idan aka yaye tsohon rufi, azarar da aka sauke rabon magini ce. Mai gida ba ya tambayarta, lebura ba ya taɓa ta. Magini ya zaɓi masu ƙwari ya ajiye don wani aiki, waɗanda suka karye ya ba matarsa ta yi girki, ita kuma ta aika wa maƙwabta. Haka na tarar a gidan surukaina, haka na ci gaba. A cikin gari ba matsala ba ce, a kura ake turo ta. Amma wannan karon azarar tana kan dutse mai nisa, a cikin dajin da ke da ƙofa da masu gadi. Malam har ya haƙura, ya ce zai bar ta can. Alhaji ne ya ce sam, ba za a karya al'adar iyaye a kan aikinsa ba. Ya ce babbar motar da ke kai ƙasa da makuba ai wayam take dawowa, a loda wa Malam kayansa a kawo masa har ƙofar gida. Ya kuma ce duk ranar da motar za ta sauko Malam ya biyo ta, ya ga iyalinsa ya kwana biyu ya koma.

Mutumin da ya zo gidanmu bai kawo wa yara ko alewa ba, shi ne ya ba da babbar mota kyauta. Na ajiye wannan a raina.

Zuwan farko biki ne a layinmu. Aka sauke azara baƙa wuluk, ta sha hayaƙi da shekaru, amma in ka ƙwanƙwasa sai ta amsa kamar ƙarfe. Malam ya riƙa juya su ɗaya bayan ɗaya yana nuna wa dattawan layi tsagar mahaifinsa. Na ga idonsa ya kawo ruwa, na yi kamar ban gani ba. Masu kyau aka jingina su a bangon ƙofar gida, wasu aka shigo da su tsakar gida. Karyayyun na sa aka faskara na rarraba. Wadda ta fi samu ita ce maƙwabciyata ta jikin bango, wata malamar firamare 'yar Filato, Kirista, da muka shekara da shekaru muna musayar tuwon sallah da shinkafar Kirsimeti. A Tarauni take koyarwa. Ina ce mata Malama, tana ce mini Hajiya tun ban je ko Legas ba.

A ranar ma na lura da abu ɗaya. Layin sama kawai aka sauke. Ƙarƙashinsa tamfol ne a shimfiɗe, an ɗaure shi tam. Na aika a tambayi direba, ya ce tarkacen gini ne da masu daji suka hana a zubar a can, zai kai shi juji. Motar ta tayar ta nufi hanyar Tarauni, tayoyinta na baya a danne kamar ba a sauke mata komai ba. Na tambayi Malam yadda suke yi da masu gadi a ƙofar daji. Ya ce babu wata wahala. Sun san shi, a bayansa suke sallah in ya idar da aiki, babbansu ma ya san labarin mahaifinsa. In motar ta zo ƙofa sai ya leƙo ya ce tsohuwar azara ce, rabon magini, su ɗaga masa hannu su janye sanda. Yana faɗa yana murmushi, don ya ji daɗin girman da ake ba shi.

Motar ta ci gaba da zuwa. Na fara tambayar kaina ko gari guda aka yaye wa rufi a kan dutsen nan, don Malam da bakinsa ya ce masaukin bai kai gidan mai unguwarmu girma ba. Kuma tarin da ke ƙofarmu ba ya ƙaruwa. Duk ranar komawa sai direba ya sake loda wasu daga ciki, wai ana bukatarsu a tokare bango kafin ya bushe. Malam yana tsaye ake lodawa, bai taɓa hanawa ba. Na ɗauka kunyar Alhaji yake ji, tunda da motarsa aka kawo.

Wata rana Malama ta shigo gwada riga. Ina sa mata allura a kafaɗa ta ce, kamar zancen banza, kwanan nan in ta bi ta wani layi a Tarauni sai ta tuna garinsu. Akwai wani kango mai doguwar katanga da aka kafa injin yankan katako a ciki, ƙanshin ɗanyen maɗaci har titi. Ta ce ta ga motar da ke zuwa ƙofarmu tana shiga wurin. Ta faɗa tana kallon madubi, ba ta kalle ni ba.

Ita ma ban bar ta ba. Na ce a raina, me ya sa ta gaya mini? Hassada ce don ta ga an fara soya nama a gidanmu? Ko wani ne ya aiko ta ta ji abin da zan ce? Mijinta ma'aikacin gwamnati ne, kuma ban san ofishin da yake shiga ba bayan nasa. Na amsa mata da cewa motocin haya ai ko'ina suke shiga, na rage mata hannun riga na sallame ta. Amma washegari na ɗauki ɗinkin wata mata da ke Tarauni, wanda ko maɓalli ban gama sa masa ba, na hau acaɓa na ce ya bi da ni ta layin da Malama ta kwatanta.

Ban sha wahalar gane wurin ba, ƙarar injin ce ta kai ni. Ƙofar a rufe take, amma ƙofar langa-langa ba ta rasa huda. Na yi kamar takalmina ne ya tsinke, na sunkuya na leƙa. Gumagumai ne jibge, jajaye, wasu ɓawonsu bai ko bushe ba. Kowane ɗaya sai mutum biyu sun haɗa hannu kafin su zagaye shi. A gefe ga tamfol ɗin da na sani, har da facin da ke kusurwarsa. Duk faɗin Kano da kewayenta babu inda itace irin wannan ya rage a tsaye sai inda aka hana sara.

Na koma gida raina a ɓace, amma ba da Malam ba. Tausayinsa ne ya kama ni. Bawan Allah, an mayar da gemunsa da al'adar ubansa mabuɗin ƙofar daji, shi yana can yana murna ana girmama shi. In asiri ya tonu, Alhaji zai ce shi yana Kano bai san komai ba, direba zai gudu, masu gadi kuwa za su ce ga wanda ya gaya musu azara ce. Kwanakin da suka rage kafin ya dawo na yi su ne ina shirya yadda zan gaya masa ba tare da zuciyarsa ta karye ba. Har na yanke cewa sai ya ci abinci ya huta tukuna.

Akwai wani abu da ya faru kafin nan da ban ɗauke shi komai ba. Cikin azarar da aka jingina a tsakar gida akwai wata doguwa da na ɗaure igiyar shanya a jikinta. Igiyar ba ta kai ba, sai na ƙara ta da ragowar wata jar atamfa da na yi wa Malama zani da ita. Ranar da motar ta koma na je suna, da na dawo na tarar da igiyar a ƙasa an yanke ta, azarar babu. Na yi ta faɗa a kan direban da ke shiga gidan mutane, sannan na manta.

Ranar da suka dawo, bayan azahar, ina kan keke motar ta tsaya. Na ɗaga labule. Can a saman lodi, ga doguwar azarata kwance, jan ƙyallen yana lilo a bakinta. Ta je dutse ta dawo a matsayin sabon rabo. Ashe azarar zuwan farko ce ke ta zuwa tana dawowa, ana rufa ta a kan kayan Alhaji kamar yadda ake rufa faifai a kan ƙwarya. Na ce alhamdu lillahi, ga shaida ta zo da ƙafarta, ba sai na yi dogon bayani ba. Zan kama hannun Malam in kai shi in nuna masa.

Na tsaya na juye miya na ɗora ruwan wanka. Da na fito zaure an gama saukewa, motar ta tafi. Na sami azarar a jingine a waje, na gane ta da tsagar surukina da wani tabon ƙuna a tsakiyarta. Ƙyallen babu. Na duba ƙasa, na duba kwata, na tambayi masu wasa a layi, babu wanda ya gani. Ƙulli biyu na yi masa, ba abin da iska za ta kwance ba ne. Na ce to direban ya fi yadda na zata wayo. Malam kuwa ya ci abinci kaɗan ya ce kansa na ciwo, don haka na ɗage maganar zuwa gobe.

Da safe na kwashi kayansa zan wanke. Tun da aka kawo ni gidansa nake zazzage aljihunsa ina kallon wani wuri, abin da ya faɗo in ɗora masa a kan taga: guntun goro, carbi, ƙusa. A ranar nan sai hannuna ya taɓo wani abu mai laushi a aljihun gaban rigarsa. Jan ƙyallen ne. Ba yanke shi aka yi ba, an zauna an kwance ƙullin, an naɗe shi daidai.

Na daɗe a tsugune gaban bahon. Na nema masa uzuri iri-iri, ni da ban taɓa nema wa kowa ba. Na ce wataƙila ya gane ragowar atamfar ɗinkina ce ya ɗauko mini. Amma wanda ya gane atamfar ya gane azarar, kuma mutumin da ya san kowace ɗaya da tsagar ubansa ba ya bukatar ƙyalle kafin ya gane ta.

Yana zaune a tabarma a gindin bango yana wasa gizago. Na ajiye ƙyallen a gabansa. Ya dube shi, ya ci gaba da goga ƙarfen a kan dutse.

Na ce, "Malam, tun yaushe ka sani?"

Ya ce, "Tun zuwa na biyu."

Sai ya ajiye gizagon ya yi bayani, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce ya tunkari Alhaji da maganar a can wurin aikin. Alhaji bai ko musa ba. Ya ce masa in ba zai iya ba ya sauka, akwai wanda zai zo ya zuba kwano ya shafe shi da ƙasa ta sama, masu duba aiki ba za su hau su tona ba. A lokacin an riga an yaye rufin gaba ɗaya, bangon yana tsaye tsirara, kuma hadari ya fara haɗuwa a kudu. Ruwa biyu masu ƙarfi sun isa su narkar da abin da mahaifinsa ya gina. Ya ce ɗaki ɗaya ya rage masa.

Na ce, "Mutanen nan a bayanka suke sallah. Da bakinka kake ce musu azara ce?"

"Da bakina."

"To ni fa? Me ya sa ka cire ƙyallen?"

Ya ce, "Na san idonki. Na so a ce akwai wuri ɗaya da zan shigo ba a sani ba."

Ban yi kuka ba, ban ɗaga murya ba. Na ɗauki ƙyallen na koma wurin wanki. Haushin da nake ji na Alhaji duk sai ya zama ƙarami. Abin da ke cina shi ne kwanakin da na yi ina tausayinsa, ina zaɓen kalmomin da ba za su ji masa ciwo ba, alhali shi yana can yana lissafin yadda zai kauce wa tagata.

An gama rufin kafin ruwa ya sauka sosai. Ba a kama kowa ba. Alhaji ya ƙara mota, ya samu wasu ayyukan, bai sake durƙusa wa kowa a layinmu ba. Masu kula da daji sun yaba aikin, waɗanda suka je suka gani sun ce ginin ya koma kamar ranar da aka yi shi, har yau kuma ban ji an ce ya yi yoyo ba. Malam bai sake karɓar aikin mutumin ba, ko da ya aiko. Azarar ta daɗe jingine a ƙofarmu, bai sa ta a wani gini ba, ni ma ban ƙara faskara ko ɗaya ba. Malama ta taɓa tambayata ko itacen ya ƙare ne, na ce mata hayaƙinsa ya yi yawa. Ta dube ni ta ce haka ne, ba ta sake tayar da zancen ba.

Mun ci gaba da zamanmu lafiya, babu wanda zai ce wani abu ya canza. Ina dafa masa abin da yake so, yana tsokanata ina ramawa. Sai dai in ya ce ya je wuri kaza, ina jin kaina ina duban ƙurar takalminsa in ga ko ta yi kama da ta wurin. Na yi ƙoƙarin dainawa, abin ya ƙi. Shi ma ya lura. Tun daga lokacin har ya koma ga Allah, duk sanda zai miƙo mini kayan wanki sai ya tsaya a gabana ya fito da aljihunan waje da kansa, ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ba ni.